Shayarwa Da Yaye: Hakkin Jariri A Kan Uwa Da Uba

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam da rauni, sa'an nan Ya tanadar masa abincinsa a ƙirjin mahaifiyarsa tun bai san yadda zai roƙa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filin namu zai yi magana ne a kan wani hakki wanda mai shi ba ya iya kai ƙara gaban alƙali idan an danne masa, ba shi kuma da bakin bayani sai kuka. Wannan kuwa shi ne hakkin jariri na shan nonon uwarsa, da hakkinsa na a yaye shi cikin tausayi. Da yawa daga cikinmu, musamman mu maza, mun ɗauki al'amarin a kan sha'anin mata ne na cikin gida, wanda bai kamata namiji ya sa baki a ciki ba. Alhali kuwa Allah Ya ambace shi a wurare da dama cikin Littafinsa, malaman fiƙihu sun yi masa babi, an kuma ɗora wa uba kaso mai nauyi a cikinsa.

Abin Da Shari'a Ta Tanada

A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ƙayyade cikar shayarwa da shekara 2 ga wanda ke son ya cika ta. A cikin ayar nan Ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon ƙarfinsa, Ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko a cutar da uba saboda ɗansa, Ya kuma sharɗanta cewa idan za a yaye yaro kafin cikar wannan wa'adi, to ya zama da yardar iyayen biyu da shawara a tsakaninsu. Suratu Luƙmana, aya ta 14, ta sake ambaton shekara 2. Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ta haɗa ɗaukar ciki da shayarwa ta ce wata 30 ne, daga nan ne ma malamai suka fitar da cewa mafi ƙarancin kwanakin ciki wata 6 ne. Haka nan a Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, an umurci mutumin da ya rabu da matarsa ya biya ta ladan shayarwa idan ita ce ke shayar masa da ɗansa.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa shayarwa wajibi ce a kan uwar da ke ƙarƙashin igiyar aure. Sun ce ko da macen da al'ada ta ɗauke mata shayarwa saboda matsayinta, idan yaron ya ƙi karɓar nonon wata, to ya wajaba a kanta, domin rai ya fi matsayi.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, sai ya yi ta jin kukan wani yaro. Da ya tambayi uwar dalili, ba tare da ta san ko shi wane ne ba, sai ta gaya masa tana tilasta wa yaron barin nono ne, domin Halifa ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai wanda aka yaye. Wannan magana ta girgiza Umar ƙwarai. Da gari ya waye sai ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya sake gaggauta yaye ɗansa, domin daga wannan rana kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. Ku duba fa, jama'a, shugaban daula sukutum ya sake dokar baitulmali saboda kukan yaro guda.

Abin da likitocin zamani suka tabbatar ya zo daidai da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar abubuwa 3: a sa jariri a nono cikin sa'a guda bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sa'an nan a ci gaba da ba shi nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a shekarar 2016 cewa da za a kyautata shayarwa a duniya baki ɗaya, da an tsirar da rayukan yara sama da 800,000 a kowace shekara. Amma binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba ake ba su nono zalla. Uwayenmu mata suna shayarwa, babu shakka, har ma sukan daɗe suna yi. Inda gizo ke saƙa shi ne farkon shayarwar da kuma ƙarshenta.

Dakashi Ba Ƙazanta Ba Ne

A wurare da yawa na ƙasar Hausa an gaji cewa nonon farko, mai kauri mai launin ruwan ɗorawa, wanda muke kira dakashi, ba shi da kyau. Sai a tatse shi a zubar, a bar jariri kwana 2 ko 3 ana lallaɓa shi da ruwan ɗumi ko madarar dabba, wai sai an wanke nono. A wasu gidajen har gwada nonon ake yi da tururuwa, a ce idan ta mutu a ciki yana da dafi. Babu wata aya ko hadisi da ya zo da wannan. Dakashi cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke kiransa rigakafin farko. Yana kuma taimaka wa jariri fitar da baƙin kashin nan na farko. Kada uwa ta damu da ƙarancinsa, gama cikin jariri a ranar haihuwa ba ya ɗaukar fiye da cokalin shayi 1 ko 2 a lokaci guda. Tsotson da jariri ke yi da wuri yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu, nono kuma ya kawo da sauri.

Akwai kuma batun kunyar ɗan fari. Kunya halin kirki ce, tana kuwa cikin imani. Amma idan ta kai ga yarinya mai jego ta bar ɗanta yana kuka domin ɗaki ya cika da 'yan barka, to ta wuce iyakarta. Ya kamata kaka ko gwaggo ita da kanta ta miƙa mata yaron, ta umurce ta da ta shayar, ta kuma rage mata taron mutane.

Game da tahniki, ya tabbata cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya tauna dabino ya shafa a dasashin Abdullahi ɗan Zubairu sa'ad da aka haife shi. Shafawa ce ta ɗan abu kaɗan, sau ɗaya, ba ta zama hujjar ɗura wa jariri jiƙe-jiƙe ba. Zuma kuwa, duk da falalarta, likitoci sun yi gargaɗi kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri ba ya iyawa, kuma tana iya shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Wanda ke son ya nema wa ɗansa tsari, ya yi masa addu'a kamar yadda Annabi yake nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari. Addu'a tana isa ba tare da an zuba wa jariri komai a ciki ba.

Maganar Ruwa

Nan ne gardama ta fi yawa. Tsofaffi sukan ce, yaya za a hana ɗan Adam ruwa a zafin bazara, lokacin da babba ma ba ya iya daurewa? Tausayi ne ya kawo wannan magana, kuma a gode musu. Amma a sani, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta wanda bai bi ta rijiya ko randa ba. Nonon da ke fara fitowa idan yaro ya kama mama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, wanda ke biyo baya kuma ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa. Don haka idan zafi ya tsananta, sai uwa ta sha ruwa da yawa, ta kuma yawaita ba yaron nono. Ruwan da aka ba jariri yana cika masa ɗan cikinsa ya rage tsotso, idan tsotso ya ragu nonon uwa ya ragu, sa'an nan ga haɗarin gudawa, wadda tana cikin manyan cututtukan da ke kashe mana ƙananan yara. Abin da aka yarda a ba shi a cikin wata 6 ɗin nan shi ne maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta, da ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari idan yana gudawa.

Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare. A ba shi duk sa'ad da ya nema, kada a jira sai ya yi kuka, gama tun yana tsotsar hannu yana juya kai ya riga ya roƙa. A tabbata ya buɗe baki sosai ya kama har baƙin da'irar da ke kewaye da kan mama, haɓarsa tana taɓa ƙirjin uwa. Idan kan mama kaɗai ya kama, uwa za ta ji zafi, kan ya tsage, shi kuma ba zai ƙoshi ba. A bar shi ya gama da ɓangare ɗaya kafin a juya shi ɗayan. Alamar cewa yana samun abin da ya ishe shi ita ce ya riƙa yin fitsari sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa kuma yana ƙaruwa idan an kai shi awo.

Madarar gwangwani kuwa tana da wurinta idan lalura ta kama, amma ba ta kai nonon uwa ba. Saboda barnar da tallarta ta yi a ƙasashe matalauta ne Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar taƙaita tallar a shekarar 1981. Inda kuɗi ya yi ƙaranci sai a riƙa tsinka madarar don ta daɗe, yaro ya rame. Bulumboti kuma yana da wuyar wankewa. Idan dole ta sa, ƙaramin kofi mai tsabta ya fi shi aminci.

Kason Uba

Mai shayarwa tana ci ne domin mutum 2. Ragon suna sunna ne, kuma a mazhabarmu rago ɗaya ya wadatar, ko namiji aka haifa ko mace. Amma ciyar da mai jego wajibi ne da nassin Alƙur'ani, kuma ba ya ƙarewa ranar suna. Abin mamaki ne mutum ya ci bashi domin shagalin kwana ɗaya, sa'an nan ya kasa kawo wake da ƙwai da ganye na sauran watanni. Ya wajaba ya wadata ta da abinci, ya rage mata wahalar daka da ɗiban ruwa, ya kai ta asibiti idan mama ya kumbura ko zazzaɓi ya kama ta. Ya kuma lura da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar waɗannan da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Idan akwai saɓani tsakanin shawarar asibiti da ra'ayin mahaifiyarsa, shi ne ya kamata ya je ya yi mata bayani cikin ladabi, kada ya bar matarsa tsakanin wuta biyu.

Shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame hatta a azumin Ramalana. Littafin Risala ya bayyana cewa idan ta ji tsoron cutuwar ɗanta, kuma ba ta sami mai shayar mata ba ko yaron ya ƙi karɓar wata, to ta sha azumi, ta ciyar da mudu guda a madadin kowace rana, sa'an nan ta rama daga baya. Haka kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, domin tausayin uwar. Idan salla da azumi sun sassauta saboda jariri, wane aikin gida ne ya fi ƙarfin a ɗaga shi?

Bayan Wata Shida

Idan yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isarsa kuma, sai a fara ba shi abinci da tsabtataccen ruwa, amma ba a daina nonon ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba shi tsinkakken koko, wanda ke cika ciki ba tare da ya gina jiki ba. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda ba ya zubewa da sauri idan an karkata cokali. A haɗa gero ko dawa ko masara da gyaɗa da waken suya a niƙa, a riƙa sa ɗan manja ko man gyaɗa. A ƙara masa dafaffen ƙwai, da kifin da aka cire wa ƙaya, da hanta, da kabewa, da garin zogale, da ayaba ko gwanda. Duk waɗannan ana samunsu a kasuwannin ƙauye.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3 ana ƙarawa. Daga wata 9 zuwa shekara 2 a ba shi sau 3 ko 4, tare da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ware masa kwanonsa, domin idan an haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya ba wanda zai san abin da ya ci. A wanke hannu da sabulu kafin a ba shi, kada kuma a toshe masa hanci a yi masa ɗure, gama abincin yana iya bi ta hanyar numfashi. Idan ba shi da lafiya a ƙara yawan nono, kada a rage. A shekara ta biyu ma nonon uwa yana ba yaro kimanin kashi 1 cikin 3 na ƙarfin da jikinsa ke bukata.

Yaye Da Kwanika

Al'adar da muka saba ita ce a wayi gari ɗaya a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ko a shafa wa mama maɗaci. Watau a rana ɗaya an raba shi da abincinsa da uwarsa gaba ɗaya. Yaro yakan yi zuciya ya ƙi cin abinci, daga nan sai rama, sai gudawa, sai a ce mayu ne ko iska. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi abin a hankali cikin makonni. A fara janye shan rana ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbinsa da abinci, a bar na dare ya zama na ƙarshe. Kada a yaye yaro yana cikin ciwo ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Idan kaka za ta taimaka, ta zo gidan ta zauna, yaro yana ganin uwarsa.

Mafi yawan yayen gaggawa kuwa kwanika ce ke kawo shi, watau uwa ta sami ciki tana goyo, sai a ce nononta ya lalace, zai kashe yaron. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa da Imamu Muslim a cikin Sahihinsa sun ruwaito daga Judama 'yar Wahbi cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi niyyar hana gila, wadda Malik ya fassara da kusantar mace tana shayarwa, wasu kuma suka ce ita ce shayarwar mai ciki, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya fasa hanawa. Likitoci ma sun ce nonon mai ciki yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan sake, amma ba ya zama dafi. Matuƙar cikin lafiyayye ne tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai a ƙara mata abinci. Abin da ke kayar da yaron shi ne cire shi daga nono farat ɗaya a bar shi da koko. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana ciwon kumburin yara na rashin abinci mai gina jiki, a shekarar 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane. Duk da haka ya fi kyau ma'aurata su yi shawara su ba da tazara, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin.

Duk iyayen da suka ga ƙafafun yaro sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko damtsensa ya tsotse, su gaggauta kai shi asibiti. Tamowa ce, kuma tana da magani idan an je da wuri.

Idan Uwa Ta Kasa

Idan uwa ta rasu ko ciwo ya hana ta, shari'a ta halatta a nemi wata ta shayar. Shi kansa Fiyayyen Halitta ya sha nonon Suwaiba da na Halimatus Sa'adiyya. Ɗansa Ibrahim ma an kai shi wurin mai shayarwa a gefen Madina, yana zuwa can yana duba shi, da ya rasu bai cika shekara 2 ba sai ya ba da labarin cewa an tanadar masa mai cika masa shayarwarsa a Aljanna. Sai dai a kiyaye abu 2. Na farko, a auna jinin matar a asibiti saboda cututtuka irin su ƙanjamau, waɗanda kan bi ta nono. Na biyu, a rubuta a kuma sanar da dangi, domin a mazhabarmu ko tsotso ɗaya ne ya isa cikin yaro a cikin shekara 2 ɗin nan ya haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Uwar da ta kasa saboda lalura kuwa babu laifi a kanta, kada a riƙa yi mata gori.

Ya ku 'yan'uwa, kowanenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Muna kira ga limamai da masu wa'azin suna da malaman makarantun Islamiyya na matan aure da su riƙa sanya wannan magana cikin karatunsu, domin kakar da ba ta karɓi maganar ma'aikaciyar asibiti ba takan karɓi ta malami. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya saka wa uwayenmu mata da mafificin alheri, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.